Rediyon motata da wayata sun ƙi jituwa

Motata 'yar 2002 ce, 'yar Kwatano, kuma har yau rediyon da ta zo da shi daga kamfani ne a jikinta. Wurin kaset yana nan, wurin faifai yana nan, amma ramin da za ka jona wayar salula babu shi, balle Bluetooth.

Da farko kaset ɗin nan mai jela na saya, wanda ake cusawa a rediyo a soka igiyarsa a waya. Wata biyu ya yi lafiya lau, sai ya fara ƙaras-ƙaras kamar ɓera a kwali, rediyon ya yi ta juya shi, can ya tofo shi waje. Ko da bai lalace ba ma, sabuwar wayata ba ta da ramin iyafis.

Sai na koma wa ɗan abin nan da ake sokawa a wurin kunna taba, mai tura sauti ta FM. Wai ka nemi mitar da babu tasha a kanta tsakanin 87.5 da 108. A cikin Kano? Ina cikin sauraren karatu, ina hawa gadar Ƙofar Nasarawa sai tallar maganin basir ta kutso. In na taka mai kuma, wani siririn kuka ya bi injin, ƙiiii, wai daga altaneta, abin da ke cajin batirin mota, yake shigowa.

Mai gyara ya ce, "Alhaji, a cire a sa maka mai allo mana." Na ji kuɗin, na ce Allah ya ba mu alheri. Yanzu wayar tana cikin kofin silba kusa da giya, ita ke ta ihunta.