Littafin bashin mai shagon bakin layi

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Jiya bayan la'asar muka raka wani dattijon unguwarmu makwancinsa, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Kafin a tayar da sallah babban ɗansa ya miƙe, murya na rawa, ya faɗi maganar da muka saba ji a kowace jana'iza: duk mai bin Baba bashi ya zo ya same mu, mun ɗauka. Jama'a suka ce madalla, Allah ya yi albarka. Da muka dawo daga maƙabarta na tsaya sayen sabulu a shagon kayan masarufi na bakin layinmu, hira ta kai mu kan marigayin. Mai shagon ya ce: "Malam, Baba ko sisin kwabo ba na bin sa. Duk ranar da fansho ya shigo, da sandarsa yake takowa ya biya ni kafin ya shiga gida. Damuwata tana wajen masu rai."

Sai ya jawo wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta daga ƙarƙashin kanta. Bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, gefen takardun duk ya nannaɗe. Ya rufe sunayen da tafin hannunsa, ya nuna mini layukan kawai: shinkafa mudu 2, taliya 5, sukari, omo, man gyaɗa kwalba 1, madarar yara. Wasu shafukan an ja musu layi, alamar an biya. Mafi yawansu suna nan yadda aka rubuta su, wasu tun azumin bara. Ya ɗaga kai ya nuna mini kwalayen da ke jere a saman kanta, ya ce rabinsu babu komai a ciki, ya jera su ne don kada shagon ya yi kama da wanda ya mutu. Kuɗin da ke cikin littafin nan, in ji shi, ya fi kayan da ke cikin shagon.

Tun daren jiya maganar take cina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ba da talakan da ya rasa nake ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma cin bashi ba abin kunya ba ne a addini. Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Kuma kowa ya san halin da aka shiga tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma magidanci mai 'ya'ya shida ya san kwana nawa wannan kuɗin yake yi a gida. Wanda ya karɓi mudun masara bashi don yaransa su kwana da wani abu a ciki, kuma ya rasa na biya, wannan Allah da kansa ya yi masa uzuri.

Da wanda yake da shi ya ƙi biya nake. Mun san kanmu. Albashi ya shigo, an sayi data, an yi anko na bikin ƙanwar abokin aiki, an canja waya, an zuba mai a mota, amma mai shago sai ya jira. Telan da ya kwana uku bai rintsa ba don yaranka su sa sabon kaya ranar sallah, har babbar sallah ta zo bai ga cikon kuɗinsa ba. Ɗan garuwa ya turo kura cikin rana ya juye jarka goma sha biyu, an ce ya dawo gobe maigida ba ya nan, alhali maigidan yana falo yana jinsa. Malamin Islamiyya yana bin kuɗin wata uku, yana jin nauyin tambaya. Idan aka kira waya sai a ce ana cikin taro, ko a ce an tura kuɗin, matsalar banki ce. Wani har hanya yake canjawa, ya zagaya ta bayan layi don kada su haɗa ido da mai shago, ya tafi wani shagon ya yi sayayya da kuɗi a hannu.

Annabi (SAW) ya ba wannan hali sunansa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito: jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Mu kuwa kalmar zalunci mun keɓe ta ga masu mulki da masu ɓoye abinci a rumbuna. Muna zaginsu a Facebook da safe, da yamma mu wuce ta gaban wanda muka danne wa naira dubu takwas ko sallama babu.

Akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. A zamanin da farashi ke tashi, jinkiri kansa cin dukiya ne, ko da daga baya ka biya cif. Ɗauki misali: ka karɓi katan ɗin taliya bashi, aka rubuta maka kuɗinsa na ranar. Ka riƙe wata takwas. Ranar da ka kawo kuɗin, mai shago ya shiga kasuwar Singa ta Kano, inda yake sarin kaya, ya tarar abin da ka ba shi ba zai sayi katan ba, sai dai rabi da 'yan kai. Ba shi da damar ce maka ka ƙara saboda daɗewa, don ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, wato kuɗin ruwa, kuma shi mai tsoron Allah ne. To ina ragowar taliyar ta tafi? Tana cikinka. A littafi an ja layi, amma jarinsa ya ragu, kuma kai ka rage shi. Shi ma fa ba da kuɗinsa kaɗai yake juyawa ba. Akwai babban ɗan kasuwar da ya ba shi kaya a kan amana zuwa sati biyu, idan ya saɓa sau ɗaya, sau biyu, an rufe masa ƙofa. Haka shaguna suke mutuwa a unguwanni, a hankali, ba gobara ba ɓarawo.

Idan shagon bai mutu ba, sai mai shi ya ɗauko kwali ya rubuta "Ba bashi" ya manna a ƙofa. Wa wannan takarda ta kashe? Ba mai mota ba, shi ko'ina ya je zai saya. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu ce, wadda ta saba aiko yaro da kwano a auna mata gari zuwa ranar da za ta sayar da ƙuli-ƙulinta, kuma ba ta taɓa saɓawa ba. Ita aka rufe wa ƙofa saboda halin wasu.

'Yan uwa, mu dubi yadda magabata suka ɗauki wannan al'amari. An kawo gawa gaban Annabi (SAW) don ya yi mata sallah, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi. Aka ce e. Ya tambaya ko ya bar abin biya, aka ce a'a. Sai ya ce ku yi wa mutuminku sallah. Sai da Abu Ƙatada (RA) ya ce bashin yana kaina ya Manzon Allah, sannan ya sallace shi. A ruwayar Jabir da Imam Ahmad ya kawo, dinari biyu ne kacal, kuma Annabi ya ci gaba da tambayar Abu Ƙatada labarinsu, sai da ya ce ya biya, sannan ya ce yanzu ne fatarsa ta yi sanyi. Ku lura da wannan: ɗaukar alkawari a bakin gawa bai sanyaya fatar mamaci ba, biyan ne ya sanyaya ta. Mu nawa ne muka miƙe a jana'izar iyayenmu muka ce mun ɗauka, sannan aka raba gado, aka sayar da fili, mai bin bashi yana ta sintiri har ya gaji? Alhali a ayoyin gado na Suratun Nisa'i, sau huɗu Allah yana maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kowane zunubi sai bashi. Wanda ya ba da ransa ke nan, balle ni da kai.

Labarin Zubairu ɗan Awwam (RA) yana cikin Bukhari. Ranar yaƙin Raƙumi ya kira ɗansa Abdullahi ya ce masa babban abin da ke damunsa shi ne bashinsa. Bashin ma ba na cin abinci ba ne. Mutane ne suke kawo masa ajiya, sai ya ce a'a, a bar shi a matsayin rance, don yana tsoron kada ya salwanta. Da aka lissafa sai aka sami miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya sayar da filin mahaifinsa da ke Gaba, kusa da Madina, ya biya kowa. Magada suka ce a raba musu gado, ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Sai da shekara huɗun suka cika sannan ya raba.

Wani abin da ke jawo mana rigima shi ne kunyar rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Mu kuwa idan ɗan'uwa ya ce a rubuta sai mu ɓata rai, wai bai yarda da mu ba, ai mun zama ɗaya. Bayan shekara biyu sai a ji wa da ƙani a gaban alƙali, wannan ya ce rance ne, wancan ya ce kyauta ce, zumunci ya tsinke har 'ya'ya. Yau ko saƙon waya ka tura masa mai ɗauke da adadi da ranar biya, ka sanar da mutum biyu, ka kama hanyar bin umarnin ayar. Kuma ka faɗa wa iyalinka abin da ake bin ka. Mutuwa ba ta sallama.

Ni ma na taɓa faɗawa ciki, kuma ina faɗa ne don kada a ɗauka daga sama nake magana. Wani tela ya bi ni cikon kuɗin ɗinki kusan wata biyar. Ba rashi ba ne, sakaci ne, kullum ina cewa ai kaɗan ne, zan ba shi. Ranar da na kai masa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar kyauta na ba shi, sannan ya ce a satin da na karɓi kayan an koro 'yarsa daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, kuma ya ji nauyin ya kira ni. Na nemi gafararsa ya yafe, amma har yau idan na wuce ta gaban shagonsa sai na ji abin a ƙirjina. Abin da na raina, a gidansa babba ne.

Ku kuma masu bin bashi, akwai naku. Allah ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin yalwa, kuma ku yafe ya fi muku alheri, aya ta 280 ke nan a Suratul Baƙara. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya saurara wa mai ƙunci ko ya sauke masa, Allah zai sa shi a inuwarsa. Tozarta mutum a gaban 'ya'yansa, ko watsa hotonsa a WhatsApp irin yadda masu manhajojin rancen waya suke yi, ba ɗabi'ar Musulmi ba ce. Ka san wanda ba shi da shi, ka san mai taurin bashi, kada ka haɗa su a ma'auni ɗaya.

Wanda kuma ake bi kuma da gaske babu, ɗan'uwana kada ka ɓuya. Ɓuya ita ke mayar da uzuri ya zama cin amana. Je ka da ƙafarka ka ce wane, ban manta ba, ga halin da nake ciki, ga naira 500 a rage. Annabi (SAW) ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa, wanda kuma ya karɓa yana nufin salwantar da ita, Allah zai salwantar da shi. Ka yawaita addu'ar da shi kansa yake yi a cikin sallah ta neman tsari daga zunubi da bashi. Da aka tambaye shi dalilin yawan neman tsarin, ya ce mutum idan bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Allah ya tsare mu, ya biya wa duk wanda ake bi, ya sa mu cika babu haƙƙin kowa a wuyanmu.

Kafin in bar shagon jiya, wata yarinya ta zo da ɗan kwano da naira 300 a dunƙule a hannu, ta ce Mama ta ce a rage a na jiya, kuma a ƙara mata gari rabin mudu. Mai shagon ya buɗe littafin, ya rage, ya rubuta sabon layi, ya auna mata har da ɗan ƙari a kai. Da ta tafi ya ce mini gidansu shekara huɗu yana ba su bashi, ba su taɓa kai wata ba su rage ba. Jibi ne ranar da zai kai wa maigidansa na Singa kuɗin kaya, kuma abin da ke cikin aljihun teburinsa bai kai rabi ba.