Yadda Oba-oba Ta Tona Mini Asiri a Gidan Surukai

Ni na jawo wa kaina, babu wanda ya aike ni. Ana zaman shirin bikin ƙanwar matata a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi, aka ɗora mini kula da abinci, sai bakina ya yi ƙaiƙayi na ce ranar ɗaurin aure waya ba ta da tabbas, gara mu nemi oba-oba, ɗan rediyon hannun nan da jami'an tsaro ke magana da juna da shi. Surukina ya dube ni ya ce, "To Malam, tunda ka san kanta, an bar maka." Alhali iyakar sanina da ita, ina ganinta a hannun 'yan agaji a filin Idi.

Na aro huɗu wajen 'yan sintirin unguwarmu, biyu wajen wani abokina mai shago a Wunti. Duk ƙananan Baofeng ne baƙaƙe masu tasha 16, in ka murɗa maɓallin sama wata mata ta faɗa maka lambar tashar. Na jera su a tasha 5. Huɗu suna jin juna, biyu suka yi gum kamar kishiyoyi. Na hura, na bubbuga, na canza batir, shiru. Da na koma Wunti sai da abokina ya gama dariyarsa sannan ya ce lambar nan kamar lambar ƙofa ce kawai. Zangon da ke bayanta, wani wuri tsakanin megahaz 400 da 470, da kwamfuta ake zuba shi, kuma 'yan sintiri sun sa an sauya nasu. Akwai ma wani ɗan sautin sirri da ake haɗa wa tasha, in naku bai zo ɗaya ba, ko zangonku ɗaya ba za ta buɗe maka baki ba. Ya jona su, ya daidaita, ya ce kada in taɓa komai.

Da dare na taɓa komai. Ina danne maɓallan gefe ina kunnawa ina kashewa, ba zato matar nan ta koma yaren China. Sai wajen ƙarfe ɗaya na lallashe ta ta dawo Turanci, na kwanta ina jin kaina injiniya.

Da safe na tara mutane na ba da darasi: ka danna na gefe, ka yi magana, ka ce "oba", ka saki, don mai magana ba ya jin kowa sai ya saki. Baba, wato surukina, ya karɓi tasa ya kara a kunne yana "Salamu alaikum, wa ke magana?" Sau uku ina gyara masa, ya ce shi da girmansa ba zai riƙa cewa oba ba.

Bayan an shafa fatiha, ni da ƙanena muka lallaɓa ɗakin ajiya, inda aka keɓe kular masa da miyar taushe ta dangin ango. Oba-oba na aljihun gaban rigata. Abin da ban sani ba, a tone-tonen daren jiya na kunna VOX, tsarin da ke sa ta buɗe da kanta da zarar ta ji murya, ba sai an danna komai ba. Jar fitilarta na ci a cikin aljihu, ni kuma ina ci a waje.

Na ce, "Ci da sauri, dangin ango ba su san adadinta ba." Da ma nan na tsaya. Sai na ƙara da cewa ragon da Baba ya yanka, in akuya ta gan shi sai ta ba shi sadakar dusa. Na kwaikwayi yadda yake kara oba-oba a kunne, har da muryar. Ashe tasa na kan tabarma a zaure, an ƙure mata sauti, ga liman, ga waliyyin ango, ga dattawan unguwa. Yaran da ke ƙofa sun yi ta kirana su gargaɗe ni, amma ina, ni ke riƙe da tashar.

Sai da na cika baki da masa na yi shiru, aljihuna ya yi ƙara, muryar Baba ta fito a natse:

"Malam, in Allah Ya sa kun ƙoshi, a rage wa baƙi ko guda biyu ne." Ya ɗan dakata. "Oba."