Wa ya ce hannun jarin Aramco ba ya faɗuwa?

Wani saƙon murya ne ya hana ni sakat a makon nan. Yana ta yawo a wayoyin 'yan'uwanmu na Jidda da Makka, wai duk mai iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) da ɗan abin hannu ya zuba a Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, don kamfanin da ke zaune kan rijiyar mai ba ya faɗuwa. Ranar Juma'a bayan isha'i, a wata majalisar shayi a unguwar Hindawiyya, wani dattijo direba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, duba min nan. Kuɗin auren yarinya ne na sa, me ya sa lambobin suka yi ja?" Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da wanda ya zuga shi.

Babu mai musun girman Aramco. Kamfanin da ya ci ribar dala biliyan 161 a 2022 ba abin rainawa ba ne. Amma ƙarfin kamfani daban, farashin hannun jarinsa daban. A Disambar 2019 aka fara sayar da hannun jarinsa, kowane ɗaya kan riyal 32. Watanni uku kacal, korona ta shigo, Saudiyya da Rasha suka saɓa kan yawan man da za a haƙo, farashin ya gangaro ƙasa da yadda aka saya. A Yunin 2024 gwamnati ta sake sayar da wani kaso kan riyal 27.25. Ko an haɗa da hannayen jarin kyauta da aka raba a 2022 da 2023, kusan inda aka tashi nan aka koma. Ribar da ake rabawa ce ta shiga aljihu, ita ma an zabtare ta a 2025.

Mai saƙon bai gaya wa Baba direba cewa riyal a ɗaure yake da dala ba, riyal 3.75 kan dala ɗaya tun 1986. Idan babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, na Saudiyya sai ya bi sahu, manyan masu kuɗi su janye daga Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya, su koma ajiyar banki da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Idan masana'antun Sin suka yi sanyi, gangar mai ta sauka. Ina ruwan waɗannan da ranar ɗaurin aure?

Masu cewa "ka riƙe kawai, zai dawo" su tambayi waɗanda suka ga 2006. A Fabrairun shekarar ma'aunin farashin hannayen jari na Tadawul ya haura maki 20,000, kafin ƙarshenta ya faɗo ƙasa da 8,000, da kuɗin mutanen da suka ci bashin banki suka shiga.

Ban ce kada a saya ba. A saya da kuɗin da za a iya mantawa da su shekara biyar, kuma limamanmu da shugabannin al'umma su tsawata wa masu waɗannan saƙonni. Shi dai Baba, bikin 'yarsa bayan Babbar Sallah ne, kuma ko gado bai saya mata ba.