Wayarka ta fi ka haƙuri

Jama'a, duk mai zagin kamfanin waya ranar Sallah don sabis ya ƙi, ina bayansa, amma rabi. Sauran laifin na babban yatsanmu ne.

A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai, jihar Amurka mai tsibirai da yawa, suka kunna ALOHAnet, don haɗa kwamfutocin tsibiran ta rediyo. Dokar ba wuya: kana da saƙo, tura. In ya yi karo da na wani duk biyun sun lalace, kowa ya jira ɗan lokacin da ƙuri'a ta ba shi, ya sake. Lissafi ya nuna a irin wannan rububin, abin da ake mora bai wuce kusan kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin hanyar ba. Wi-Fi ɗin yau an yi masa tarbiyya: na'ura sai ta saurara kafin ta tura, in aka yi karo ta ninka tazarar jiranta.

Mutum fa? Hoto ya tsaya yana juyi, ka soke, ka sake turawa, ka kashe data ka kunna, ka koma ɗaya layin. Na kusa da kai a filin idi ma haka. Kuma kowa da hujjarsa, don wanda ya haƙura shi kaɗai, saƙonsa ne zai kwana. Wannan ce matsayar da masanin lissafi John Nash ya bayyana a 1950 cikin lissafin dabarun wasa: ba wanda zai ci riba in ya sauya taku shi kaɗai, ko da duk ana cutuwa.

Inda nake ganin masu tsara harkar sadarwa sun yi sake shi ne ɗaukar mai waya kamar yana auna riba da asara da sanyin rai. Tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky suka nuna zafin asarar abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa. Shi ya sa wanda wa'adin datarsa zai cika sha biyun dare yake hawa sauke bidiyon da har abada ba zai kalla ba, wai kada su cinye masa kuɗi. Allah na tuba, har wasan kwaikwayon da ba ya jin yarensa!

Wannan cunkoson tsarin farashi ne ya haife shi, wa'azin haƙuri ba zai taɓa shi ba. A bar ragowar data ta tsallaka wata ba sharaɗi, manhaja kuma ta riƙa gaya wa mutum ƙarara cewa saƙonsa na kan layi, ba sai ya sake dannawa ba.