Ribar mai masana'anta da hayaƙin da yake fitarwa

Jama'a, tun bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 ake kira ga masu masana'antu su rage iskar kabon da ke ɗumama duniya, amma a ganina babu mai injin da zai rage hayaƙi saboda wa'azi. Zai rage ne ranar da lissafi ya nuna masa cewa hayaƙin kuɗinsa ne ke tashi sama.

Mu duba nan Maraɗi. Wutar da ke juya injinan tatsar man gyaɗa, da na ƙanƙara, da na niƙa, kaso mai yawa nata daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, duk mai hali ya koma ga gurup, wato injin ba da wuta, ya shiga ƙona gazuwal (man dizal) dare da rana. Wanda ke tsoron kayansa su lalace ba ya tambayar inda wuta ta fito.

Tsadar gazuwal ɗin ce kuma ta zama mai zuga. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, rana kuwa Allah ya hore mana ita. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai sun nuna abin yana yiwuwa. Matsalar ita ce gazuwal ana sayensa kaɗan-kaɗan, su kuwa faranti da batura a dunƙule ake biya, alhali bashin banki gajere ne kuma ruwansa da nauyi, ga 'yan kasuwa da yawa da ke gudun bashi da ruwa saboda addini. Idan ana son canji, a nan ya kamata a sa hannu: bashi mai dogon wa'adi wanda bai saɓa wa shari'a ba.

Akwai inda sola ba ta wadatar. Siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na kabon duniya, kuma fiye da rabinsa daga dutsen farar ƙasa yake fita lokacin da ake gasa shi, ko da wane makamashi aka yi amfani. Sauƙin da ake da shi shi ne rage gasasshen dutsen a haɗa da gasasshen yumɓu, sai dai magina ba su cika yarda da sabon siminti da wuri ba.

Tarayyar Turai ta ɗauki hanyar bulala, inda daga 2026 mai shigar da siminti, ƙarfe, alminiyam ko taki zai biya kuɗin kabon. Wannan zai motsa manyan kamfanonin da ke sayarwa can, amma mai sayar da mansa a Dan Isa da Jibiya ba zai ji ko ɗuriyarsa ba.