Nasiha Ga Ƙannena Masu Son Binciken Sankarar Bakin Mahaifa

Assalamu alaikum, ƙannena ɗaliban aikin likita da na ungozoma a Garwa da Marwa da Ngaundare, a Arewacin Kamaru. Sha'awar bincike ta shiga zukatanku a 'yan shekarun nan, kuma abin farin ciki ne, sai dai da yawanku sun ɗauka cewa darajar mai bincike ita ce yawan mujallun da sunansa ya fito a ciki, har wasu suna roƙon a saka sunansu a aikin da ba su san yadda aka faro shi ba. Ina so ku dubi yadda aka gano musabbabin sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a shekarar 2022, domin ku ga inda tasirin ilimi yake fitowa.

Bajamushe Harald zur Hausen ne ya dage cewa ƙwayar cutar HPV, wadda galibi ake ɗauka ta hanyar jima'i, ita ce ke haddasa wannan sankara, a lokacin da yawancin masana suke zargin wata ƙwayar daban. Shi da abokan aikinsa sun gano nau'i na 16 a 1983, da nau'i na 18 a 1984, kuma maimakon su ƙulle abin da suka samu, sai suka riƙa aika shi ga duk ɗakin gwaje-gwajen da ya nema. An ba shi lambar Nobel a 2008.

Amma ganin ƙwaya a cikin ƙari bai isa hujja cewa ita ce musabbabi ba. Wadda ta ɗauki wannan nauyi ita ce Nubia Muñoz, likita 'yar Kolambiya da ta yi aiki a cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa, kuma a ganina ita ce ta fi cancanta ku yi koyi da ita. Tare da Xavier Bosch na Sifaniya, ta haɗa kan likitoci daga nahiyoyi daban-daban suka tattara samfurin ƙari kusan dubu daga ƙasashe 22. Gwajin farko ya nuna ƙwayar a kashi 93 cikin ɗari. Ba su tsaya nan ba, wani ɗakin gwaje-gwaje a Amsterdam ya sake duba waɗanda ba a ga komai a cikinsu ba, a 1999 adadin ya kai kashi 99.7. A 2003 suka haɗa bincike 11 daga ƙasashe tara, ciki har da Mali da Maroko, inda aka kwatanta mata 1,918 masu cutar da mata 1,928 marasa ita, aka jera nau'o'in da suka fi haɗari. Irin wannan aiki ne ya nuna wa masu haɗa rigakafi cewa nau'i na 16 da na 18 ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar, kuma rigakafin farko ya fito a 2006.

Ku lura da abin da wannan gini ya tsaya a kai. Kowace mace a cikin waɗancan alƙaluma, akwai wanda ya zauna da ita a gari irin su Bamako ko Rabat, ya tambaye ta shekarunta da yawan haihuwarta cikin ladabi, ya rubuta daidai, ya manna lamba a jikin kwalbar samfurin, ya tabbatar ta zauna cikin sanyi. Da ya yi sakaci, da lissafin Liyon ya tashi a banza.

To mu duba rajistar asibitocinmu. An shafa wa mace ruwan khal a bakin mahaifa don gwaji, an jira minti ɗaya, wurin ya yi fari, alamar akwai matsala, an rubuta sakamakon. Amma gurbin shekaru an cike shi da ƙiyasi, gurbin lambar waya da sunan ƙauye babu komai, gurbin maganin da aka yi mata kuwa an bar shi sai ta dawo. Ta koma gida, ba wanda ya san inda za a neme ta, sai bayan shekaru ta bayyana da zubar jini da warin da ya sa take jin kunyar zama cikin mutane. Ɗalibi kuma sai lokacin rubuta kundin kammala karatu ya taso yana neman alƙaluma a wannan littafi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya cike gurabe da ka don kundinsa ya yi kyau, ya ci amanar matan da ya duba, ya kuma ɓatar da duk wanda zai dogara da shi nan gaba.

Game da haɗin gwiwa da baƙi, kada ku guje shi, kada kuma ku shige shi ido rufe. A Dschang da ke yammacin Kamaru, asibitin gundumar ya yi aiki da asibitin jami'ar Janeba ta Suwizalan kan tsarin da mace ke ɗaukar samfurin da kanta, a gwada shi, a duba ta, a yi mata magani a rana guda idan akwai buƙata, kuma wannan ya dace da halin matanmu da ke zuwa daga nesa. Idan irin wannan dama ta zo Arewa, ku zauna tun farko a rubuta wanda ke da ikon bayanan, da waɗanda sunansu zai fito, da yadda za a nemi yardar kowace mace da harshen da take ji, da abin da za a yi wa wadda aka samu da cutar. Ku koyi ilimin ƙididdiga da kanku, domin wanda bai iya nazarin abin da ya tattara ba, ɗan aike kawai za a mayar da shi.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda ya fi ku dacewa da su. Kamaru ta fara yi wa 'yan mata masu shekara tara rigakafin HPV a 2020, kuma jita-jitar cewa yana hana haihuwa ta sa iyaye da yawa sun ja da baya. Mai bincike daga Yawunde ko Turai sai da tafinta zai shiga gida, ku kuwa kuna jin Hausa da Fulatanci, kun san cewa sau da yawa sai maigida da uwar miji sun yarda kafin mace ta je awo. Ku haɗa kai da ungozomomi da malaman unguwa da takwarorinku na Njamena, ku yi wa iyaye tambaya iri ɗaya a garuruwa daban-daban, ku rubuta amsar kamar yadda aka faɗe ta, ko da ba ita kuke son ji ba.