Jarin da ake ba ɗa, a hana 'ya

Binciken da ake yi a jami'o'in ƙasashe da dama yakan nuna cewa samari sun fi 'yan mata niyyar kafa kasuwancinsu bayan sun gama karatu. Wasu na kafa hujja da wannan, wai mace ba ta da zuciyar nema. Duk wanda ya san unguwannin Hausawa a Makka da Jidda ya san zancen bai kama hanya ba. Mata ne ke haɗa turaren wuta da humra, su ke zanen lalle, su ke dafa abincin biki, su ke tallata abaya a Instagram da Snapchat, cikinsu har da ɗaliban Jami'ar Ummul Kura ta Makka da na Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda.

A da ana iya ɗora wa doka laifi. Amma tun 2018 Saudiyya ta ba mace damar yi wa kasuwancinta rajista ba tare da amincewar waliyyi ba, a shekarar ce kuma aka bar mata su tuƙa mota. A 2019 wadda ta kai shekara 21 ta samu ikon karɓar fasfo da kanta. Shirin 2030, wato tsarin Saudiyya na sauya fasalin tattalin arzikinta, ya sa burin mata su kai kashi 30 cikin ɗari a fagen aiki, an kuwa wuce nan tun da wuri.

Ni a ganina cikin gida ne gizo ke saƙa. Saurayi ya ce, "Baba, ina so in buɗe shagon waya," sai a sa albarka, a tattaro masa jari, kawu ya tsaya masa wajen mai haya. In ya karye, a ce kasuwa ce ta gaji haka, a sake haɗa masa. Ƙanwarsa da ta fi shi maki ta kawo irin maganar, amsar ɗaya ce: "Ki bari sai kin je gidanki." Kuɗin da za a ba ta jari an riga an ware na kayan ɗaki ne. A gidan nata kuma sai abin da miji ya ce. Wadda ta taso tana jin haka, in an miƙa mata takardar tambayoyin irin wancan bincike a aji, abin da ta san za a bar ta ta yi shi za ta rubuta.

Masu zaman iƙama kuwa, wato baƙin da ke zaune da takardar izinin zama, ba mace ba namiji, shingensu daban ne. Baƙo ya fake da sunan ɗan ƙasa ya yi kasuwanci laifi ne da ake kira tasattur, dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5.

Hukumar Monsha'at, mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Saudiyya, da jami'o'i suna ta horar da ɗalibai kan tsara kasuwanci. Da za su ji shawarata, ranar da ɗalibai mata ke baje kolin abin da suka ƙirƙira, da sun aika wa iyaye maza da kawunnai takardar gayyata.